Filasta A Ƙafa, Atisaye Bai Tsaya Ba: Tarihin Yara 'Yan Alkafura Da Masu Horar Da Su

Yau za mu waiwayi tarihin wani wasa da yawancinmu ba mu cika gani ba sai lokacin gasar Olamfik ya zagayo, wato jimnastik, wasan nan na alkafura da tsalle da lanƙwasa jiki. Za ka ga yarinya 'yar firit ta sheƙo da gudu, ta tashi sama ta juya sau biyu, ta dira a kan ƙafafunta kamar mage, mu kuma muna gaban talabijin muna salati. Abin da muke so mu bi diddiginsa shi ne yadda masu horar da waɗannan yara suke yi da su idan sun ji rauni. Amsar ta sauya sau da dama cikin shekara hamsin da suka wuce, kuma kusan kowane sauyi sai da wata yarinya ta biya shi da lafiyarta.

A da can wasan na manyan mata ne. Agnes Keleti ta Hungary tana da shekara 35 ta ci lambobin zinare a Melbourne a 1956. Vera Caslavska ta Czechoslovakia tana da 26 lokacin da ta mamaye gasar Mexico a 1968. Al'amarin ya juya ne bayan Olga Korbut ta Tarayyar Sobiyet ta burge duniya a Munich a 1972 tana da shekara 17, sannan Nadia Comaneci ta Romaniya ta zo Montreal a 1976 tana da 14 kacal, ta samu maki 10 cif, abin da allon nuna maki ma bai san da shi ba, har ya rubuta 1.00. Daga nan masu horarwa suka fahimci cewa ƙaramin jiki marar nauyi ya fi saurin juyawa a sama, kuma yarinyar da ba ta mallaki hankalin kanta ba ba ta musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ɗanyen icce ma yana tsagewa. Sai aka wayi gari ana ɗaukar yara tun suna shekara biyar ko shida, kafin su kai goma sha biyu suna yin awa talatin ko fiye a mako a ɗakin atisaye.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai daga wannan zamani shi ne na Elena Mukhina. An haife ta a Mosko a 1960, mahaifiyarta ta rasu tana da shekara biyar, kakarta ce ta rene ta. Ta faɗa hannun wani koci mai suna Mikhail Klimenko a ƙungiyar wasanni ta sojoji, mutumin da a da maza yake horarwa, don haka sai ya dinga koya mata irin alkafurar da maza kaɗai aka sani da ita. Abin ya yi kyau da farko. A gasar duniya ta 1978 a Strasbourg da ke Faransa, Elena ta doke Nadia Comaneci da kanta, ta zama zakarar duniya. Hukumomin Sobiyet, waɗanda abin Montreal ya tsaya musu a wuya, suka sa mata ido a matsayin wadda za ta rama musu a Olamfik ta 1980 da za a yi a gidansu.

A 1979 sai ta karye a ƙafa. Kamar yadda ita da bakinta ta ba da labari daga baya, an cire mata filasta tun ƙashin bai gama haɗewa ba, tana cewa ƙafar ba daidai take ba, ba a saurare ta ba. Da aka ɗauki hoton ƙashin aka ga ya rabu, sai aka yi mata tiyata aka sake ɗaurewa. Ko a gadon asibitin ba ta tsira ba, domin an faɗa mata cewa da filastar ma ana iya atisaye. Da ta koma, aiki biyu ke gabanta: ta sauke nauyin da ta ƙara a kwance, kuma ta ƙware a wata alkafura mai hatsari da ake kira da sunan Kurt Thomas, ɗan wasan Amurka. A wannan alkafura mutum yana juyawa ta baya sau ɗaya da rabi, yana murɗawa sau ɗaya da rabi, sannan maimakon ya dira da ƙafa sai ya sauko da kai ya mirgina ta kan kafaɗu. Duk abin ya dogara ne da tsayin da ka tashi, tsayin kuma daga ƙarfin ƙafa yake fitowa, ƙafar da a wajen Elena ba ta warke ba. Ta ce ta sha gaya wa kocinta cewa wata rana wuyanta zai karye a kan wannan abu, shi kuma ya nuna mata cewa irinta ba sa karya wuya.

Ranar 3 ga Yuli, 1980, saura mako biyu da 'yan kwanaki a buɗe gasar Mosko, tawagar tana sansani a Minsk. Klimenko ba ya nan a ranar. Elena ta gwada alkafurar, ba ta cika juyi ba, ta sauka a kan haɓarta, ƙashin wuyanta ya karye, lakarta ta taɓu. Daga wuya zuwa ƙasa jikinta ya shanye tana da shekara 20. Hukumomi suka yi ta rufa-rufa a kan girman raunin, gasa ta ci gaba, 'yan matan Sobiyet suka ci zinarensu ba tare da ita ba. Sai a 1988, lokacin da bakin 'yan jarida ya ɗan buɗe a ƙasar, ta yi doguwar hira da mujallar Ogonyok. Abin da ta ce shi ne tunanin farko da ya zo mata tana kwance a ƙasa godiya ce ga Allah, don yanzu ba za ta je Olamfik ba. Ku dubi irin gajiyar da za ta sa yarinya ta ga karayar wuya a matsayin hutu. Duk da haka ba ta ɗora wa Klimenko laifin shi kaɗai ba, ta ɗauke shi a matsayin wanda shi ma tsarin ya murƙushe, tun da koci a wancan zamani darajarsa da abincinsa suna rataye ne da lambar da yarinyarsa ta ciyo. Ta yi shekara 26 a kwance, ta rasu ranar 22 ga Disamba, 2006. An cire alkafurar Thomas daga wasan mata, daga baya aka hana maza ma.

Kada mu ɗauka abin na Sobiyet ne kawai. A gasar duniya ta 1979 a Fort Worth ta Amurka, Nadia tana asibiti da hannu a kumbure saboda wani yanka da ya ruɓe, aka fito da ita ta hau katakon nan mai faɗin santimita 10, ta samu maki 9.95, Romaniya ta ci zinaren tawaga karon farko. Mai horar da ita, Bela Karolyi, da matarsa Marta sun gudu zuwa Amurka a 1981, suka buɗe makaranta a Houston, suka tafi da salonsu. A 1984 ɗalibarsu Mary Lou Retton, 'yar shekara 16, aka yi mata tiyata a gwiwa kimanin makonni biyar kafin gasar Los Angeles, ta je ta ci zinare. Irin wannan nasara ita ce ta fi ɓata lamarin, domin duk kocin da likita ya ce masa yarinya ta huta wata uku, sai ya nuna masa Mary Lou.

Ba kowa ke da sa'ar Mary Lou ba. A watan Mayu na 1988 a Tokyo, Julissa Gomez, Ba'amurkiya 'yar shekara 15, tana gwajin tsallen da ake kira Yurchenko, wanda ake taka katakon tashi da baya ba tare da an gan shi ba, ƙafarta ta zame, kanta ya bugi dokin da ake tsallakewa. Jikinta ya shanye, ta rasu a 1991. Bayan wannan ne aka wajabta zagaye katakon tashi da katifa ta musamman, a 2001 kuma aka sauya siririn dokin da faffaɗan tebur. Abokiyar atisayenta Christy Henrich ita kuma yunwa ce ta kashe ta: wani alƙalin wasa ya ce ta yi ƙiba, ta shiga ƙauracewa abinci har abin ya zama cuta, ta rasu a 1994 tana da shekara 22. A 1995 'yar jarida Joan Ryan ta tattara irin waɗannan labarai a littafinta Little Girls in Pretty Boxes, aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Shekara ɗaya bayan littafin sai ga ranar 23 ga Yuli, 1996, a Atlanta. Amurka na gaban Rasha a wasan tawaga, saura tsalle. Dominique Moceanu, 'yar shekara 14, wadda ta shigo gasar da tsagewa a ƙashin ƙwaurinta, ta faɗi sau biyu. Kerri Strug mai shekara 18 ita ce ta ƙarshe. A tsallenta na farko ta faɗi, jijiyoyin idon sawunta na hagu suka yage. Ta dawo tana ɗingishi, ta tambayi Karolyi ko lallai sai ta sake, ya ce suna bukatar ta sake sau ɗaya. Ta ruga, ta yi tsallen, ta dira, ta ɗaga ƙafar ta gaishe da alƙalai, sannan ta zube. Maki 9.712. Karolyi ya ɗauke ta a hannu zuwa wurin karɓar lamba, hoton ya zagaye duniya. Da aka gama lissafi sai aka ga ko ba ta yi tsalle na biyu ba Amurka ce za ta ci. A yi adalci: a wannan daƙiƙar 'yan Rasha ba su gama nasu wasan ba, ba wanda yake da tabbacin lissafin, kuma Kerri da kanta ta sha cewa ba ta yi nadama ba. Amma ba ta sake fitowa a sauran wasannin da ta cancanci shiga a wannan gasa ba, wasannin da ta yi shekaru tana wa tanadi. A ganinmu abin dubawa a nan shi ne wa aka bar wa hukunci a cikin waɗannan 'yan daƙiƙu. Ba likita aka tambaya ba. Mutumin da ya fi kowa bukatar a ci lambar shi aka tambaya ko a taka ƙafar.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan dalilin da ya sa raunin yaro ya bambanta da na babba, don nan ne tsofaffin masu horarwa suka yi babban kuskure. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani sashe na guringuntsi inda ƙashin yake ƙara tsawo, kuma ba ya ƙosawa sai bayan balaga. Wannan wuri ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni, shi ya sa abin da zai zama targaɗe a jikin babba yana iya zama karaya a jikin yaro. 'Yan jimnastik kuma da hannu suke tafiya kamar ƙafa. Idan aka yi ta dannar wuyan hannu kullum, wurin girman babban ƙashin damtse na ƙasa yana iya rufewa da wuri, ɗan uwansa na gefe ya ci gaba da tsawo, hannun ya zauna da ciwo har tsufa. Haka yawan lanƙwasawa ta baya yana tsaga wani siririn sashe na ƙashin ƙugu. Duk waɗannan ba da faɗuwa ɗaya suke zuwa ba, a hankali suke taruwa, alamarsu ta farko kuma ita ce yaro ya ce wurin yana masa ciwo. To idan an horar da yaro cewa faɗin ciwo ragwanci ne, an kashe ƙararrawar da za ta yi gargaɗi ke nan. Ƙari a kan haka, yarinyar da ake hana abinci don kada ta yi nauyi, al'adarta tana jinkiri ko ta ɗauke, ƙashinta ya yi laushi, karaya ta zo da sauƙi, warkewa ta yi wuya. Likitocin wasanni a Amurka sun ba wannan haɗi na yunwa da ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi suna tun 1992.

Hukumar jimnastik ta duniya ta yi ƙoƙarin gyara ta hanyar shekaru. Ta ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya zuwa 15 a 1981, sannan 16 a 1997. Wasu ƙasashe suka koma sauya takardun haihuwa, har a 2010 aka ƙwace tagullar da matan China suka ci a Sydney a 2000 bayan an gano Dong Fangxiao shekararta 14 a lokacin.

A Amurka kuwa, daga 2001 zuwa 2016 Marta Karolyi ce ta jagoranci tawagar mata, a lokacin ana tara su lokaci zuwa lokaci a gonar iyalin da ke cikin daji kusa da Huntsville a jihar Texas, inda ba a barin iyaye su shiga. Lambobi sun yi ta zuwa. 'Yan wasa da dama sun ba da shaida daga baya cewa a can ba wadda take so a san tana ciwo, don kada a cire sunanta. Wadda ciwon ya fi ƙarfinta kuma sai a tura ta wurin likitan tawaga, Larry Nassar, mutumin da ya shafe shekaru yana lalata da yara da sunan magani. Ya samu dama ne saboda shi ne mai fara'a a wurin da kowa ke ɗaure fuska, kuma yaran an riga an koya musu yin shiru. Jaridar Indianapolis Star ce ta tona asirin a 2016. A Janairun 2018, bayan mata sama da 150 sun tsaya a kotu sun faɗi abin da ya yi musu, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, kuma a watan ne hukumar wasan ta Amurka ta raba gari da gonar. Iyalin Karolyi sun musanta cewa sun san abin da yake yi, sun kuma musanta cin zarafin yara. Bela ya mutu a Nuwamban 2024.

Daga nan bakin 'yan wasa ya buɗe a ko'ina. A 2020 aka dakatar da Maggie Haney, kociyar Laurie Hernandez, na shekara takwas, daga baya aka rage zuwa biyar, kuma cikin zarge-zargen akwai tilasta wa yara atisaye da rauni. A Birtaniya lauya Anne Whyte ta karɓi bayanai sama da 400 a kan shekarun 2008 zuwa 2020, ta fitar da rahoto a Yunin 2022 mai ɗauke da labarin yaran da aka sa atisaye da karaya, da waɗanda aka hana ruwa da zagayawa bayan gida, da waɗanda koci ya zauna a kansu don su lanƙwasu. A 2023 hukumar wasan ta Birtaniya ta hana masu horarwa ɗora yara a kan sikeli.

To yau yaya kocin kirki yake yi? Da farko hukuncin komawa wasa ya fita daga hannunsa ya koma na likita da mai gashin ƙashi. Na biyu, ba a korar yaron gida ya zauna, don yaron da aka raba da abokansa wata biyu yakan karaya, kuma tsoron wannan rabuwa ne ma yake sa yara ɓoye ciwo. Sai a bar shi yana zuwa, a sauya masa aiki. Mai ciwon wuyan hannu ya yi aikin ƙafa da na ciki da rawa, hannu ba ya taɓa ƙasa har tsawon makonnin da likita ya yanka. Mai ciwon idon sawu ya yi lilo a kan sanduna amma ba ya dira. Idan lokacin komawa ya yi, ana farawa ne daga ramin da aka cika da gutsattsarin soso, sai katifa mai laushi, sai mai tauri, ana ƙirga yawan dirar da ya yi a rana, ciwo ya dawo a koma matakin baya. Ba wani abin mamaki a ciki. Abin da ya yi wuya shekara da shekaru shi ne a samu kocin da zai haƙura da gasar da ke tafe.

Ranar 27 ga Yuli, 2021, a Tokyo, Simone Biles ta tashi yin tsalle mai murɗawa biyu da rabi, sai ta yi ɗaya da rabi, ta dira da kyar. Abin da ya same ta sananne ne a wurin 'yan wasan: mutum yana sama sai ya rasa inda ƙasa take, jiki da ƙwaƙwalwa su daina jin juna. Ba jini, ba karaya, hoton ƙashi ba zai nuna komai ba. Ta ce ba za ta ci gaba ba, kociyarta Cecile Landi kuma ba ta tura ta ba. Abokanta suka ƙarasa, suka ci azurfa, Rasha ta ɗauki zinare. Masu sharhi da yawa sun zage ta, suna kawo misalin Kerri Strug. Sai Dominique Moceanu ta saki hoton bidiyon yadda ta faɗo da ka a kan katako a Atlanta tana da shekara 14, ta ce ba wanda ya duba wuyanta, kuma 'yan mintoci bayan haka ta sake fita wasa, domin a lokacin ba ta taɓa jin tana da ta cewa a kan lafiyarta ba. Simone kuwa aka kai ta ɗakin atisaye na jami'ar Juntendo inda akwai wurin dira mai laushi, ta yi kwanaki tana gwadawa a ɓoye. Ranar 3 ga Agusta ta dawo a kan katako kaɗai, ta sauya saukarta zuwa wadda ba murɗawa a ciki, ta ci tagulla. A Paris a 2024, tana da shekara 27, ta ci zinare uku da azurfa ɗaya. Ba za mu ce tsohuwar ɗabi'ar ta mutu ba, don ita kanta Simone a 2018 ta yi gasar duniya a Doha da tsakuwa a ƙoda, kwana ɗaya bayan ta je asibiti.

Wadda ta hana ta zinare na huɗu a wasan dandamali a Paris ita ce Rebeca Andrade ta Brazil, 'yar wata mai aikatau a gidajen mutane daga Guarulhos. Sau uku babbar jijiyar gwiwarta ta dama tana tsinkewa, a 2015 da 2017 da 2019, sau uku ana yi mata tiyata. Kocinta Francisco Porath, wanda yake tare da ita tun tana yarinya, bai sauya ta da wata ba, kuma suka koyi zaɓen inda za a kashe gwiwar. A gasar duniya ta Kitakyushu a 2021, wata biyu da rabi bayan ta ci zinare da azurfa a Tokyo, ta bar wasan dandamali gaba ɗaya, wanda hakan ya fitar da ita daga neman kambun gwarzuwar gasa, alhali tana cikin waɗanda ake ganin za su iya ɗauka. Kambun ta ɗauke shi a Liverpool a shekarar da ta biyo baya. Ranar 5 ga Agusta, 2024, da ta hau mumbarin karɓar zinare a Paris, Simone Biles da Jordan Chiles suka rusuna mata daga dama da hagu. Lambarta ta shida ke nan a Olamfik, adadin da ba wani ɗan Brazil, mace ko namiji, da ya taɓa kaiwa.